Yadda Ake Yi Idan Harsashi Ya Fito a Cikin Kayan Gwangwan

Duk wanda ke saye da auna ƙarfe a Legas, ko a Owode Onirin yake, ko Agege, ko Idi-Araba, ko bakin bolar Olusosun da ke Ojota, ya san babu irin abin da buhu ba ya zuwa da shi. Kaya na fitowa daga gidajen da aka rushe, da tsofaffin ma'aikatu, da kwantenoni daga Apapa, da manyan motocin da ke sauko da ƙarafa daga Arewa. A cikin irin wannan hargitsin ne harsashi kan ɓullo, wani lokaci ƙwaya ɗaya, wani lokaci cikin leda guda. Abin da ke fara zuwa zuciyar yaro mai tsince kaya shi ne tagulla ce, tagulla kuwa ta fi baƙin ƙarfe kuɗi nesa ba kusa ba. Sai ya nemi filaya ko guduma don ya cire kan, ya zubar da albarushin, ya jefa kwanson a buhun tagulla. Wannan aikin ne nake so mu raba yaranmu da shi, mu kuma san abin da ya kamata a yi a madadinsa, daga lokacin da ido ya faɗa kan abin har zuwa lokacin da ya bar hannunmu.

Da farko, san abin da ke gabanka

Harsashin bindiga abu huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, wanda galibi na tagulla ne, wato jan ƙarfe da aka gauraya da zinki, kusan kashi 70 da kashi 30. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai kan harsashin, wanda shi ne ke fita ya tafi idan an harba, yawanci dalma ce aka yi wa riga da jan ƙarfe. Sai na huɗu, wanda ya fi kowanne ƙanƙanta kuma ya fi kowanne saurin fushi: wani ɗan ido zagayayye a tsakiyar gindin kwanson. A cikinsa akwai sinadarin da bugu kawai yake jira ya ba da wuta. Allurar bindiga ba ta yin komai illa ta doki wannan ɗan idon. Ƙusa ma za ta iya, haka bakin kurfi, haka tsinin wani ƙarfe idan aka jefo buhu daga saman mota ya faɗa daidai wurin.

Saboda haka kafin hannu ya kai, ido zai fara aiki. Tsuguna ka duba abu biyu.

Na ɗaya, bakin. Idan bakin kwanson a buɗe yake, kana hango cikinsa fayau babu komai, galibi an riga an harba shi. Idan kan yana nan a maƙale, mai rai ne, ko da ya yi tsatsa, ko da ya yi kore, ko da ya shekara talatin a ƙasa. Akwai kuma wanda ba shi da kai amma an tsuke bakinsa ya yi kamar tauraro. Wannan na atisayen sojoji ne, ƙara kawai yake yi, amma albarushinsa na ciki, kuma yana iya ƙona fuska ya fasa ido. Masu ɗauko kaya daga wuraren gini su ma su kula: akwai wasu 'yan ƙanana masu launi a baki da ake sa wa bindigar kafa ƙusa a kankare, su ma da wutarsu.

Na biyu, ɗan idon gindi. Idan ya lotsa a tsakiya, allura ta taɓa dukansa. Lotsattsen ido da buɗaɗɗen baki, wannan fanko ne. Amma lotsattsen ido ga kuma kai yana nan, ma'anarsa an harba bai tashi ba. Irin wannan ya fi sabo rashin tabbas, don ba wanda ya san abin da ya hana shi tashi, ba kuma wanda ya san abin da zai tashe shi.

Sai girma, kuma a nan ne maganar take da nauyi. Harsashin AK-47, wanda ake kira 7.62x39, tsawonsa bai kai santimita 6 ba, albarushin cikinsa bai kai giram 2 ba. Yawancinsa ma kwanson baƙin ƙarfe gare shi da aka shafa wa fenti ko aka yi wa wankan jan ƙarfe, mayen ƙarfe na kama shi, wato ko tagullar da ake kwaɗayi babu. Na bindigar G3 da FN, 7.62x51, ya ɗan fi shi tsawo. Amma akwai manya, na bindigogin da ake girkawa a bayan mota: 12.7x99 na ƙasashen Yamma da 12.7x108 na Rasha. Waɗannan tsawonsu ya kai santimita 14 ko ya ɗan wuce, sun cika tafin hannun babban mutum, kuma albarushin cikin guda ɗaya ya kai giram 15, kusan ninki tara na na AK. Su ne suka fi jan hankalin mai neman tagulla, su ne kuma suka fi cin yatsu.

Dubi tsinin kan. Idan an shafa masa fenti, ja ko ruwan lemo ko kore ko baƙi ko ruwan azurfa, alama ce ta cewa ba dalma kaɗai ke ciki ba. Wani yana ɗauke da sinadarin da ke ci da wuta yana haskawa a sama, wani na huda sulke ne, wani na cinna gobara ne, a cikin manyan ma akwai mai ɗan bam a cikin kan kansa. Kowace ƙasa da tsarin launinta, kuma fentin kan goge idan abin ya daɗe, don haka rashin fenti ba shaidar lafiya ba ce.

Daga nan ka yanke hukunci: wane aji ne?

Ni a wurina aji biyu ne kawai, kuma ma'aunin mai sauƙi ne. Duk abin da kaurinsa ya wuce babban yatsan hannunka, ko yake da fukafukai a gindi, ko wani abu mai kama da murfi da aka ɗaura masa a hanci, ko zobe da marfi a gefe, ko siffar kwalba ko abarba, ya fita daga sahun harsashin bindiga. Gurneti ne, ko bam ɗin igwa, ko roka. Daga milimita 20 zuwa sama, da yawansu na da nakiya a ciki da abin tayar da ita. Wannan ajin ba a taɓa shi, ba a juya shi don a ga rubutu, ba a tura shi da ƙafa, ba a ɗaga shi a kai shi lungu.

A watan Afrilun 2025, a Idi-Araba da ke Mushin, irin wannan ya tashi a wurin masu gwangwan, mutum ɗaya ya rasu, wasu suka jikkata, 'yan sanda kuma suka ce gurnetin soja ne. Bayan wata biyu, a Kano, wani ya tashi a wurin sauke tsofaffin ƙarafa ya kashe mutum biyar. Mutanen Legas kuwa ba sa bukatar a ba su labarin abin da tsohon makami ke yi. Ranar Lahadi 27 ga Janairun 2002 rumbun makaman barikin Ikeja ya kama da wuta, bama-bamai suka yi ta tashi suna faɗawa unguwanni, mutum sama da 1,000 suka rasu, akasarinsu a magudanar ruwan Oke-Afa suka nutse garin gudu. Ba duk abin da ya warwatsu ranar ne ya fashe ba. Wanda ke sayen kaya daga wuraren da ake haƙar tushen gini a kewayen Ikeja da Oshodi ya riƙe wannan a ransa.

Idan babban ne

A dakatar da aiki nan take. Mai yanka da gas ya kashe wutarsa, mai giranda ya zare waya, a kashe janareta, mai shayi ko mai gasa masara da ke jikin katanga a ce ya sauke. Kada a ci gaba da sauke motar da abin ya fito daga cikinta, don inda aka sami ɗaya akan sami ɗan'uwansa.

A fitar da kowa ta hanyar da aka shigo, a yi nisa aƙalla mita 100, in da hali fiye da haka, kuma a sami gini tsakaninku da shi. Na san a Mushin ko Ajegunle mita 100 gidaje ne da shaguna da makarantar yara, ba fili ba. Duk da haka sai an gaya wa maƙwabta, ko da za a ji kunya, ko da mai gidan haya zai yi faɗa. Sa babban mutum ɗaya a kowace mashiga ya tare hanya. Yara su ne matsala, don da sun ji an ce bam sai su taho kallo.

Kada ka yi waya a tsaye a kansa. Ka yi nisa tukuna, sannan ka kira 112 ko 767, layukan agajin gaggawa na Jihar Legas, duka kyauta ne. Ka faɗi unguwa, da sunan titi, da wata alama da kowa ya sani kamar masallaci ko gidan mai, da siffar abin da girmansa. 'Yan sanda na da sashe na musamman na masu kwance bam, su ne za su zo su ɗauka ko su lalata shi. Kada a zuba masa ruwa, kada a rufe shi da buhu ko yashi, kada a kifa masa bokiti. Duk abin da ka ɗora masa, sai wanda ya zo ya cire kafin ya ga abin da yake fuskanta.

Idan ƙananan harsasai ne

Waɗannan ba sa tashi don an kalle su, kuma ba sa tashi don an ɗaga su a hankali. Abu uku ke tayar da su: bugu, wuta, da yanka. Idan har yanzu suna inda aka gan su kuma wurin ba hanyar mutane ba ce, a bar su nan, a ɗauki hoto da waya yadda suke a cikin kayan, a sa mutum ya tsare. Idan kuwa yaro ya riga ya kwaso su, ko suna tsakiyar inda ake jifa da ƙarafa, to a ɗauke su ɗaya bayan ɗaya da hannu, a jera su a kwance cikin kwali ko akwatin katako ko robar da ba komai a ciki, a sa tsumma a ƙasa don kada su riƙa gogar juna. Kada a zuba su a gwangwanin da ke da ƙusoshi da notuna. A ajiye a inuwa, nesa da wurin walda da tukunyar gas da jarkar fetur, a wurin da ke da ƙofa da makulli. A ƙirga su a gaban mutum biyu, a rubuta adadin.

Daga nan sai a sake bin sauran kayan da suka zo tare, da hannu, ba da shebur ba, kafin wani abu daga ciki ya hau sikeli ko ya je wurin yanka.

Akwai dabarun da ake yaɗawa waɗanda ya kamata a faɗi gaskiya a kansu. Wai a jiƙa shi a ruwa kwana uku ya mutu. Harsashin soja an yi shi ne don ya jure ruwan sama da laka, ana shafa masa abin toshewa a baki da kuma zagayen ɗan idon, yana iya daɗewa a ruwa ya fito ya tashi. Wai a tsoma shi a baƙin mai ko kananzir. Shi ma babu tabbas, sai dai ka ƙara masa abin cin wuta. Wai a jefa a wuta a gudu. Gaskiya ne harsashin da ba ya cikin bindiga ba ya tafiya kamar wanda aka harba, don babu bututun da zai tattara ƙarfinsa waje ɗaya. Amma kwanson ne ke tsagewa, ɓaraguzansa su watsu ko'ina, ɗan idon ya fita da gudu. Ga ƙarami, wannan ya isa ya tsiyaye ido. Ga na 12.7, ya isa ya yi abin da ya fi haka.

Sai masu cewa ai Turawa na cire kan harsashi a gida. Haka ne, a Amurka da wasu ƙasashe doka ta yarda mutum ya sake cika kwanson da ya harba, kuma idan ya yi kuskuren awo yakan cire kan ya gyara, akwai kayan aikin da aka ƙera musamman don wannan. Amma dubi bambancin. Shi da hannunsa ya cika abin, ya san irin albarushin da nauyinsa, ya san kan dalma ce zalla, yana sanye da gilashin kare ido. Kuma su kansu masu wannan sana'ar suna gargaɗin juna da su nisanci harsashin soja mai fenti a kai da wanda ba su san asalinsa ba. Na soja ma an danne bakinsa da ƙarfi an kuma liƙe, shi ya sa ba ya fita da sauƙi, shi ya sa yaro kan koma ga guduma da zarto idan filaya ta gaza. Kai kuwa abin da ke gabanka daga bola ya fito, ba ka san ƙasar da ta ƙera shi ba, balle abin da shekaru da zafin rana suka yi wa cikinsa.

Mu yi lissafin ribar ma. Kwanson 7.62x51 bai wuce giram 12 ba, sai ka tara sama da 80 kafin ka ga kilo ɗaya. Babban na 12.7 kusan giram 55 ne, wato sai guda 18. Tambayi farashin kilon tagulla na yau, ka raba shi gida 18, abin da ya fito shi ne kuɗin da yaro ke saka idonsa da yatsunsa a kai.

Maganar hukuma, wadda ita ce kowa ke tsoro

Ba sai mun ɓoye wa juna ba. Abin da ke sa mutane su jefa harsashi a kwata su yi shiru shi ne tsoron kada garin kai rahoto a mayar da mai kawo labari mai laifi. Tsoron na da dalili, don doka a nan tana da tsauri. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta hana mallakar harsashi ba tare da lasisi ba, ta kuma hana ƙera makami ko harhaɗa shi sai da izini. Dokar fashi da makami ta 1984 ta lissafa harsashi a cikin abin da take kira makami, hukuncin mallakarsa ba tare da lasisi ba kuwa ya kai ɗaurin shekara 10. Masana'antar da gwamnati ta kafa don ƙera harsasai ita ce DICON da ke Kaduna, tun 1964, ba rumfar kowa ba. Saboda haka wanda aka kama da harsasai cikakku yana cikin matsala, wanda kuwa aka kama da kawunan harsashi a gefe, albarushi a gefe, kwanso a gefe, ya fi shi shiga uku, don kamannin mai haɗawa yake da shi, ba na mai tsinta ba. Sana'ar gwangwan kuma dama ido na kanta. A 2023 gwamnatin Borno ta hana ta gaba ɗaya saboda tsaro.

Abin da ke kare mutum shi ne shaidu da gaggawa. Ranar da aka gani, ranar za a kai rahoto. Kwana ɗaya da ya yi a shagonka tambaya ce da sai ka amsa.

Fara da maigida idan kai yaro ne. Magana gajera ta isa: "Alhaji, ga abin da ya fito a buhun da aka kawo da safe, ban taɓa shi da komai ba." Maigida kuma kada ya amsa da zagi ko barazanar kora, don yaron da aka ci wa mutunci yau, gobe in ya gani a aljihu zai sa ko ya tura ƙarƙashin tulin kaya. "Madalla da ka faɗa, kira min ciyaman," ya wadatar.

Maigida ya kira shugaban ƙungiyar 'yan gwangwan na wurin, ko shugaban kasuwa. Inda babu ƙungiya, a nemi fadar Sarkin Hausawan unguwar ko wakilinsa, ko shugaban ƙungiyar masu gidaje na layin. Waɗannan mutane DPO ya san fuskarsu, kuma zuwansu tare da kai na canza yadda za a karɓi maganar tun daga kanta.

Kada ka ɗauki harsasan ka tafi da su caji ofis. Wannan shi ne kuskuren da mai kyakkyawar niyya ya fi yi. Tsakanin shagonka da ofishin akwai shingen bincike, kuma wanda ya tare ka a kan acaba da leda cike da harsashi a aljihu ba shi da hanyar sanin ina ka nufa. Mutane su je, kaya su zauna. A je da hoton, a ce: "Yallaɓai, mun sayi kaya ne, wannan ya fito a ciki, yana nan inda muka gan shi, mun zo a turo a ɗauka." A roƙi a shigar da rahoton a littafin ofis, a rubuta rana da lokaci da sunan jami'in da ya karɓa. Idan sun zo ɗauka, a ƙirga tare a gaban shaidu, adadin ya yi daidai da wanda kuka rubuta. In ƙungiyarku na da lauya, a sanar da shi tun kafin a tafi, ba bayan magana ta ɓaci ba.

Za a tambaye ka daga ina kayan suka fito. A nan ne ɗan littafin saye yake biyan kuɗinsa. Duk mai sikeli ya kamata ya riƙa rubuta wanda ya kawo kaya, da ranar, da nauyin, da lambar mota idan mota ce. Faɗi abin da ka sani kawai, kada ka ƙirƙiri suna don a rabu da kai, kada kuma ka rufa wa wani asiri ka ɗauki kayan da ba naka ba.

Hoton nan kuma na hukuma ne da shaidu. Kada ya hau Facebook ko TikTok, kada a tura shi zauren WhatsApp na 'yan gari. Yaro ya riƙe harsashi yana murmushi a hoto, shekara biyu bayan haka hoton na nan a wayarsa ranar da wani zai bincika ta a hanya.

Inda bai kamata ya je ba

Kwata da magudanar ruwa: masu yasa za su fito da shi, yara su tsinta. Motar shara: tana matse kaya da ƙarfin inji, ma'aikata na tsaye a bayanta. Binnewa: ka bar wa mai haƙa na gaba. Sayarwa kuwa ita ce mafi muni. Za a sami mai zuwa ya ce mafarauci ne, ko mai gadi, ko yana so ne don haɗa laƙani, ya ba da kuɗin da ya ninka na tagulla sau da yawa. Wanda ke neman harsashin AK a bayan fage bindigar yake da ita ko ya san mai ita, kuma ranar da aka kama shi, bakin da zai fara ambata naka ne.

Fankon kwanso fa?

Wanda aka riga aka harba ba ya tashi, amma ban ba da shawarar a tara shi ba. Ɗaya ko biyu a cikin tarkace ba abin mamaki ba ne. Buhu guda kuwa daga wani wuri ya fito, filin atisaye ko bariki ko inda aka yi artabu, kuma irin wannan kayan hukuma ne sai in ta yi gwanjonsa da takarda. Wanda ya kawo maka shi ba takarda, ka ce ba ka saye. Banda haka, a cikin ɗaruruwan fanko da wuya a rasa mai rai ɗaya da ya ɓuya, kuma tafiyarsa ta ƙarshe tukunyar narka ƙarfe ce, inda wani bawan Allah ke tsaye da ludayi. Ko fankon ma idan ruwa ya kwanta a cikinsa aka zuba shi cikin narkakken ƙarfe, tururin na watso da ƙarfen waje.

Kawunan harsashi kuma dalma ce, kuma masu narka ta a kwano a bayan ɗaki don yin nauyin kamun kifi suna shaƙar guba ne su da iyalinsu. Wanda ya tuna abin da dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ɗaruruwa suka rasu, ba zai so ƙurarta kusa da inda ake dafa abinci ba. A wanke hannu da sabulu kafin a ci komai.

In tsautsayi ya riga ya afku

Kada kowa ya ruga cikin wurin sai an tabbata babu sauran da zai tashi. A janye wanda ya ji rauni zuwa nesa. Inda jini ke zuba a danna da tsumma mai tsabta da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙawa, in ya jiƙe a ƙara wani a kai. Ƙarfen da ya shige jiki a bar shi, a tallafe gefensa, likita ne zai cire. Ido kuwa ba a murzawa, ba a wankewa, ba a dannawa: a kifa masa gindin kofin roba mai tsabta a ɗaure a hankali. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na kusan minti 20, ban da man ja, ban da ɗanyen ƙwai, ban da man goge baki. Yatsan da ya guntule a naɗe shi a tsumma mai tsabta, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara a tafi da shi tare da mai shi.

A nufi babban asibiti kai tsaye, ba kemis ba. LUTH na Idi-Araba, LASUTH na Ikeja, asibitin ƙashi na Igbobi, akwai kuma sashen ƙuna da raunuka a babban asibitin Gbagada. Kada a tsaya neman takardar 'yan sanda tukuna. Tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko mai zaman kansa, ya karɓi mai raunin harbi ya fara yi masa magani ba tare da ita ba, asibitin ne zai sanar da 'yan sanda daga baya. A gaya wa likita gaskiyar abin da ya fashe da girmansa, don ya san irin ɓaraguzan da zai nema a hoto. Mutum ɗaya ya tafi da majinyaci, wani ya tsaya ya kulle wurin ya kira 112, kuma kada a share ko a kwashe komai kafin masu kwance bam su iso.